Tsofaffin Gine-ginen Bata, Fagge Da Sabon Gari

Zuwa ga Edita,

 Ina roƙon arziki ka ɗan sam mini fili a cikin jaridarka mai farin jini, in yi magana da 'yan'uwana masu karatu a kan wani yanki na Kano wanda ƙafar kowa ta san shi, amma ido bai cika tsayawa a kansa ba, watau Bata da abin da ke kewaye da ita na Fagge da Sabon Gari.

In aka tashi zancen kayan tarihi a Kano, nan da nan sai ka ji an ambaci Dala da ganuwa, da Gidan Rumfa da Gidan Makama, da kasuwar Kurmi da karofin Ƙofar Mata. Duk sun cancanci a ambace su, ba mai musu. Amma daga nan sai bakin kowa ya mutu, sai ka ce da an fita ƙofar gari tarihi ya ƙare, abin da ya rage sai ciniki da hayaniya. Ni kuwa a ganina, abin da ya sami Kano tun daga zuwan Turawa a 1903 har zuwa yau, babban rabonsa a Waje aka yi shi, kuma gine-ginen da suka shaida wannan zamani ana nan ana rushe su ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya ce uffan. Dalilin wannan takarda ke nan.

Bari in fara da sunan wurin. Kullum tun da asuba yaran mota da masu A Daidaita Sahu suna ta kiran Bata, Bata, kuma yawan mutanen da ke sauka can kowace rana sai Allah. To, a cikinsu mutum nawa zai iya gaya maka asalin kalmar? Ba Hausa ba ce, ba Larabci ba, ba kuwa Ingilishi ba. Sunan wani baduku ne na ƙasar Cek a tsakiyar Turai, Tomas Bata, wanda shi da 'yan'uwansa biyu suka kafa kamfanin takalma a garin Zilin a 1894. Ya mutu cikin haɗarin jirgin sama a 1932, amma kamfanin ya ci gaba da bazuwa cikin duniya, har ya buɗe kantuna a manyan garuruwan Nijeriya. Kantinsa na Kano shi ne ya ba wannan mararraba suna. Waɗanda suka yi makaranta a dā ba su manta da takalmin nan nasa mai ruwan ƙasa ba, wanda uba kan saya wa yaro da ɗan girma don ya kai shi shekara biyu.

Haka Singa, inda a ke sarin shinkafa da sukari da man girki da sabulu, sunan kamfanin keken ɗinki ne, Singer. Haka Wapa, inda 'yan canji ke zaune a Fagge, haruffan farko ne na sunan wani kamfanin jigilar alhazai na Afirka ta Yamma. Plaza kuwa sunan gidan silima ne. Sunayen sun zauna daram a bakin mutane, abin da ya haife su kuwa, wani ya rushe, wani ya sake kama har in mai shi ya dawo ba zai shaida shi ba. A rubutun boko, tsakanin Bata da ɓata ƙugiya ɗaya ce tak, ina kuwa jin tsoron mun kusa sa mata ƙugiyar nan da hannunmu.

Wanda ke so ya ga Bata sosai, kada ya zo ranar ciniki. Ya bari sai ranar Lahadi da sassafe, sa'ad da yawancin kantuna ke kulle, 'yan kura ba su fito da amalankensu ba, sa'an nan ya taka da ƙafa. Kada kuma ya bi ta gadar saman nan da aka shimfiɗa bisa titin Murtala Muhammad, gama daga can ba abin da zai gani sai tsatsar rufin kwano. Ya bi ƙasa, ya riƙa ɗaga kai yana duban abin da ke bisa allunan talla. Haka na yi har Lahadi uku, ga kuwa abin da na gani.

Fagge ita ce babba, ta girmi zuwan Turawa nesa ba kusa ba. Masu tarihi sun ce tun zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, wannan fili na bayan ganuwa ya zama zangon Buzaye. Nan ayarin raƙuma kan sauke gishirin Bilma da dabino da kanwa, su huta, sa'an nan su yi lodin hatsi da rinannun tufafi su koma Azbin. Bayan jirgin ƙasa ya zo, sai Fagge ta zama masaukin baƙi Musulmi daga ko'ina, Hausawan wasu ƙasashe da Barebari da Nufawa da Larabawa, aka yanka ta layi-layi. Saboda haka har yanzu Bafagge ya ke da wata irin wayewa ta wanda ya tashi cikin baƙi.

A cikin waɗannan layuka akwai sauran gidajen ƙasa nan da can, sun maƙale tsakanin benayen bulo kamar tsoho a taron samari. Na sami izini na shiga zauren ɗaya daga cikinsu, na zauna. A waje rana ta fara zafi, amma ciki sai ka ce an yayyafa ruwa. Kaurin bangon ya kai kamu ɗaya da rabi daga ƙasa, yana sirancewa in ya yi sama. Rufin na daurin guga ne, an tanƙwara azara an haɗa ta a tsakiya, an yaɓe, ba ginshiƙi ko ɗaya. Azarar nan ta giginya ce, wadda gara ba ta iya mata. A kusurwar soron ga zanko ya miƙe, ga indararo yana jiran damina, ga sauran zanen dagi a goshin ƙofa ya kusa shafewa. Magina na dā da makuba su ke shafe bango, watau ruwan ɓawon ɗorawa, rufi kuwa su sa masa laso, wanda a kan haɗa da katsin karofi da gashin jima da dafara. Ku duba fa, marini ya ba da nasa, majemi ya ba da nasa, manomi ya ba da nasa, sa'an nan gida ya tsaya. Gida ɗaya ya tara sana'o'in gari.

Amma gidan ƙasa kamar doki ya ke, kullum yana son hannu. In damina ta wuce ba a yi masa yaɓe ba, baɗi sai ya tsage. Waɗansu don neman sauƙi sai su lulluɓe shi da siminti, ba su san sun cuce shi ba, gama siminti ba ya kama ƙasa, sai ya tsare danshi a ciki, bango ya riƙa ruɓewa a ɓoye, har ran da zai zube gaba ɗaya. Maginan da suka san aikin kuwa sun tsufa, 'ya'yansu sun koma bulo, ba kuma laifinsu ba ne, tun da nan abinci ya ke.

Daga Fagge in ka nufi wajen tashar jirgin ƙasa, sai ka shiga wani zamani dabam. Hanyar jirgi ta iso Kano a 1911. Turawa sun sa rai auduga za ta cika musu taragu, sai manoman Kano suka duba suka ga gyaɗa ta fi riba, kuma ko ba a saya ba a ci, suka dunguma kanta. Nan da nan kamfanoni suka kafa kantuna da ɗakunan ajiya kusa da tasha, su Kamfanin Neja wanda ya shiga cikin U.A.C. a 1929, da John Holt, da G. B. Ollivant, da P.Z., da na Faransawa C.F.A.O. A wannan ciniki ne Alhassan Ɗantata ya ƙara ɗaukaka, har ya rasu a 1955, a nan kuma aka yi dalar gyaɗa wadda yanzu sai a hoto. Bayan kamfanoni sai ga Kwarori, watau mutanen Sham da Labanan, suka kama cinikin yadi da sayen gyaɗa. Daga kantunansu ne Kantin Kwari ta tsiro, kuma har yau akwai titin da a ke kira da sunan Bairut. Bayan dokar 1972 wadda ta mai da ƙananan ciniki hannun 'yan ƙasa, sai 'yan kasuwarmu suka gaje wurin.

Ginin waɗannan mutane yana da kama tasa, ko daga nesa ka gan shi ka shaida. Bene ne mai hawa ɗaya, kanti a ƙasa, iyali a sama. A gaba akwai baranda mai ginshiƙai wadda ta rufe hanyar masu tafiya, ta yadda mai saye zai bi layi tun daga wannan kai har wancan rana ba ta taɓa shi ba, ruwa bai jiƙa shi ba. Tagogin na katako ne masu haƙarƙari, iska ta shiga, haske ya ragu. Rufin ɗakin yana da nisa daga ƙasa don zafi ya tashi sama. Waɗanda suka yi wannan gini ba su da lantarki isasshe, saboda haka suka yi shawara da rana da iska tun kafin su aza tubali. Yanzu dubi abin da a ke kafawa a gurbinsu, akwatin siminti mai hawa huɗu ko biyar, an like fuskarsa da gilashi, ba baranda, ba inuwa, shaguna ƙanana kamar akurki. Da an ɗauke wuta sai kowa ya ta da janareta, hayaƙi ya turnuƙe, mai shago ya fito waje yana fifita da kwali. Ban ce kada a yi sabon gini ba, amma ai da tsohuwar zuma a ke magani, ko don koyon dabara ya kamata a bar waɗansu tsaye.

Sabon Gari kuwa an yanka ta a 1913, don akawuna da ma'aikatan jirgin ƙasa da 'yan kasuwa da suka zo daga Kudu da sauran ƙasashen Afirka ta Yamma. Da fari tana ƙarƙashin Joji ne, ba ruwanta da Sarki, sai a 1940 aka mai da ita hannun En'e ta Kano. Wanda ya iya karatu, sunayen titunanta kaɗai sun ishe shi labari. Ga titin Abeokuta, ga na Warri, ga na Aba da na Enugu, ga Gold Coast, ga Freetown, kowa ya zo da sunan garinsu ya kafa. France Road ma da mutane ke tsammani ƙasar Faransa a ke nufi, sunan mutum ne, wani Mista France wanda ya shugabanci jama'ar Sabon Gari a zamanin Turawa.

Gidajen nan na dā dogaye ne, ɗakuna suna duban juna, lungu a tsakiya, madafa da makewayi a baya. Waɗanda suka sami wadata suka ɗora bene, suka yi wa barandar ado da ƙarfe ko siminti mai fure. Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne al'adarsu ta rubuta shekarar gini a goshin gida, wani ma ya ƙara da wata 'yar kalma ta godiya ga Ubangiji. Na ga irin wannan a gidaje da dama, wani rubutun allon mai sayar da waya ya rufe rabinsa. Ga majami'u manya kamar Our Lady of Fatima ta Katolika da St. Stephen ta Angilika, ga masallatan Yarabawa a tsakiyarsu, ga Asibitin Ido na Mishan wanda aka buɗe a 1943, inda mutane ke zuwa neman magani har daga Nijar da Cadi. A can gefen Fagge kuma ga Masallacin Juma'a na Waje, wanda aka gina a zamanin Sarki Ado Bayero, aka sa masa sunan mahaifinsa Sarki Abdullahi Bayero. Waɗannan na ibada da na magani ba na jin tsoro a kansu, gama suna da masu kula da su. Tsorona yana kan gidajen zama da kantuna.

Kada kuwa a ce ai gidajen baƙi ne, ba tarihinmu ba. A wani gida na Sabon Gari ne samari takwas suka taru ran 8 ga Agusta 1950 suka kafa jam'iyyar NEPU, cikinsu har da Abba Maikwaru da Bello Ijumu da Magaji Ɗambatta da Mudi Sipikin. Kowa ya san abin da wannan zama ya haifa a siyasar Arewa. Na tsai da samari fiye da goma a titunan nan, waɗansu ma ɗalibai ne, na tambaye su gidan, ba wanda ya taɓa jin labari. A Sabon Gari ne kuma Colonial Hotel ta ke a dā, inda rigimar Mayu 1953 ta faro, sa'ad da 'yan siyasar Kudu suka shirya taro a kan neman mulkin kai, aka yi kwanaki ana faɗa a kan iyakar Fagge da Sabon Gari, aka yi asarar rayuka. Abin da ya faru a 1966 ya fi wannan muni, unguwar ta watse, sai bayan yaƙin basasa ya ƙare a 1970 mutane suka komo, da yawa suka karɓi gidajensu. A Waje ne aka gina gidan silima na Rex a 1937, a Waje ne kuma gidan silima na El Duniya ya ƙone a watan Mayu 1951, mutum 331 suka halaka. Daɗi da baƙin ciki duk a nan aka sha su tare, Bahaushe da Bayarabe da Ibo da Kwara. In bangon da ya ga waɗannan abubuwa ya tafi, yaro zai ji labari ne kawai, an kuwa ce gani ya kori ji.

Wuta ma ba ta bar mu ba. Kasuwar Sabon Gari, wadda aka sake ginawa ta ɗauki sunan Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi, ta yi mummunar gobara a watan Maris 2016, shaguna dubbai suka ƙone, a shekarar nan kuma Singa ta sha tata. A 2022 ruwa ya shiga Kantin Kwari ya ɓata dukiya mai yawa. Duk sa'ad da irin wannan ta auku, abin da a ke ginawa a gurbin ba ya kama da na dā.

To, Malam Edita, bari in ɗan kai masu karatu nesa, don su ga yadda waɗansu suka yi da irin wannan matsala. Ƙasar Sikotilan, wadda ke arewacin Ingila, ba baƙuwar Kano ba ce. Kyaftin Clapperton da ya shigo Kano a 1824 ya rubuta labarin kasuwarta, ya kuma rasu a Sakkwato a 1827, mutumin can ne, daga garin Annan. Paterson na kamfanin P.Z. shi ma mutumin can ne. Babbar masana'antar keken ɗinki ta Singer ma a can ta ke, a Kilaidbank kusa da Gilasgo. An rushe dogon hasumiyar agogonta a 1963, aka rufe ta a 1980, yanzu tashar jirgin ƙasa ce ta rage tana amsa sunan Singer. Ashe su ma suna da tasu Singa, suna ba gini, kuma dattawansu har yanzu suna jin ciwon agogon nan.

A wata tafiya da na yi can, aka kai ni wani ɗan ƙauye a bakin teku, ba nisa da Edinbara, ana rubuta sunansa Culross, mutanen wurin kuwa suna cewa Kuros. Mutanensa 'yan ɗaruruwa ne, layi biyu na Fagge sun fi shi jama'a. Shi ma da gishiri ya yi arziki, kamar Fagge. Wani attajiri, Sir George Bruce, ya haƙa ramin kwal har ƙarƙashin teku, da kwal ɗin a ke dafa ruwan teku cikin manyan kasake na ƙarfe har ya ƙafe ya bar gishiri. Jiragen ruwa su kai kwal da gishiri Holan, su komo da jan kaskon rufi, shi ya sa har yau rufin gidajen ƙauyen ja ne. Attajirin ya gina gida wanda su ke kira fada, ko da ya ke ba sarkin da ya zauna ciki, an shafe shi da launin rawaya. A bisa tagoginsa an sassaƙa haruffan sunansa da shekara, wani sashe 1597, wani 1611. Da na gani sai goshin gidajen Sabon Gari ya faɗo mini a rai. Akwai ɗakin majalisar gari na 1626, da kangon gidan ibada wanda aka kafa a 1217. Titunan na duwatsu ne, an jera manya masu faɗi a tsakiya don masu hali su taka, talaka ya bi gefe inda ruwa ke gudu. Ko wannan ba su ɓoye ba, sun bar shi a gani.

A 1625 hadiri ya cika ramin kwal da ruwa, daga baya ciniki ya koma wasu garuruwa, ƙauyen ya talauce, gidaje suka fara lalacewa, har aka yi niyyar rushe waɗansu. Sai a 1931 aka kafa wata jam'iyya ta kiyaye kayan tarihi, sunanta National Trust for Scotland, a 1932 ta sayi fadar nan ta gyara. Abin da ya fi dacewa da mu shi ne dabarar da suka fito da ita a 1960 game da ƙananan gidaje. Sai su sayi tsohon gida wanda ya kusa faɗuwa, su gyara shi bisa kamanninsa na asali, su sa masa ruwa da wuta, sa'an nan su sayar wa mai so ya zauna, da sharaɗin ba zai sake masa fuska ba. Kuɗin da aka samu a sayi wani gidan da shi. Kuɗi ɗaya ya yi ta juyawa, gida bayan gida. Gwamnati kuma tun 1947 ta yi doka a rubuta gine-gine masu daraja cikin littafi, wanda ya shiga littafin nan ko mai shi ba ya rushe shi sai da izini. Yau mutane suna zaune a Kuros, yara suna zuwa makaranta, baƙi da masu shirya fim suna ta zuwa suna barin kuɗi.

Na san wani zai ce, Malam, ka haɗa doki da jaki. Gaskiyarsa. Kuros talauci ne ya tsare ta, gama shekara da shekaru ba wanda ke da kuɗin rushewa ya sake gini. Bata kuwa arziki ne ke cinye ta. Filin da ke nan ya fi ginin da ke kansa daraja ninki ba adadi. Maigida ya rasu ya bar 'ya'ya ashirin, kowa yana son rabonsa, shari'a kuwa ta ba shi, gida ba ya rabuwa ashirin, sai a sayar. Mai saye ya zuba kuɗi masu yawa, ba kuwa zai mai da su daga kanti ɗaya da ɗakuna huɗu ba, dole ya rushe ya yi shaguna ɗari. Ba zan zagi marayu don sun karɓi gadonsu ba, ba kuma zan zagi ɗan kasuwa don ya nemi riba ba. Wanda ya ce a hana taɓa kowane tsohon gini a Bata, bai san Kano ba. Ko tunanin a tsare duka bai taso ba. Magana ita ce a zaɓi kaɗan, tun suna tsaye.

Abu na fari ba ya cin kuɗi sosai. Muna da Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa wadda aka kafa a 1979, tana da ma'aikata a Gidan Makama, muna kuma da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jiha a Gidan Ɗan Hausa. Ga jami'o'i a gari cike da ɗaliban tarihi da na zanen gini, kowace shekara suna neman abin da za su rubuta. A raba musu layuka, su bi gida-gida da izinin masu unguwa, su ɗauki hoto, su auna, su zauna da dattawa su rubuta wanda ya gina da sana'arsa da abin da ya faru a ciki. Ko da an rushe gidan gobe, an sami abin nuna wa na baya. Sa'an nan a zaɓi wurare kamar ashirin a kafa musu ɗan allo da Hausa da Ingilishi, da ajami ma in ya yiwu, wanda zai ce nan ne kaza, a shekara kaza. Mai jiran mota a Bata ya karanta ya san dalilin sunan.

Na biyun shi ne mai wuya, shi ne kuma na fi sa wa rai. Ba sai mun aro dabara daga Turai dukanta ba, gama addininmu ya zo da wakafi tun tuni. Attajiran Kwari da Singa da Wapa, waɗanda Allah ya buɗa musu a wannan ƙasa, da yawansu a ƙarƙashin barandar nan suka fara, suna yaran kanti. In mutum biyar daga cikinsu suka haɗa hannu suka sayi gida ɗaya na ƙasa a Fagge, da kanti ɗaya na Kwarori, da bene ɗaya na Sabon Gari, a biya magada haƙƙinsu cif, a gyara, a yi wakafinsu, to, ba mai iya sayarwa kuma. Kada a kulle su a ce gidan kallo ne, gama gidan da ba kowa ciki shi ya fi saurin faɗuwa. A bar kanti yana ciniki a ƙasa, sama ta zama makaranta ko ɗakin karatu, kuɗin haya ya riƙa yin gyara, abin da ya ragu a tara don sayen na gaba. Gidan ƙasan kuma a ɗauko tsofaffin magina su riƙa yi masa yaɓe duk shekara, a haɗa su da yara masu koyo, a biya su lada mai kyau. Hukuma nata shi ne ta sauƙaƙa wa irin waɗannan gidaje haraji, ta kuma sa sharaɗi ga masu sabon gini a manyan titunan kasuwa su bar baranda a ƙasa, don talaka ya sami inuwa.

Daga ƙarshe ina roƙon dattawan Fagge da na Sabon Gari, da tsofaffin ma'aikatan reluwe da akawunan kamfanoni, da duk wanda ya gaji tsohon hoto ko rasit ko takardar fili a cikin adaka, kada ya bari gara ta cinye. Ya sa ɗa ko jika ya rubuta abin da ya tuna, da sunan layi da lambar gida, ya aiko wa Edita a buga a wannan fili. In kuwa akwai wanda ya yi aiki a kantin Bata na Kano kansa, shi na fi so ya fara.

 

Ni ne naka,
Wani Tsohon Malamin Makaranta,
Fagge, Kano.